Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙera Abin Wasan da Zai Koya wa Yaro Sanin Makamashi

Iyaye da malamai da masu sana'ar ƙira sukan zo da tambayoyi kusan iri ɗaya idan suka yi niyyar haɗa abin wasan da zai koya wa yaro wannan ɓangare na kimiyyar fiziks. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, daga na farkon shiga zuwa na wanda ya riga ya ɓata katako da gam. Kowace amsa tana iya tsayawa ita kaɗai, amma na nuna inda wata ta jingina da wata.

Wai mene ne makamashi, kuma me ya sa nuna shi ga yaro yake da wuya?

Makamashi ba abu ba ne da ido ke gani ko hannu ke damƙa. Lissafi ne, wani adadi da ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa, sai dai ya tashi daga wannan ma'ajiya ya koma waccan. Idan ka ɗaga dutse sama, ka yi ajiya. Ka sake shi, ajiyar ta zama gudu. Ya bugi ƙasa, gudun ya watse ya zama ƙara da ɗan ɗumin da ba ka ji. Ma'aunin makamashi shi ne jul, daga sunan James Joule, mutumin Ingila da ya yi shekarun 1840 yana sakin nauyi a jikin igiya don ya juya filafilai a cikin ruwa, yana auna yadda ruwan ke ɗumama. Jul ɗaya kusan daidai yake da aikin ɗaga abu mai giram 100 zuwa bisan mita ɗaya.

Wuyar tana nan ne: yaro motsi yake gani. Ajiya ba ta motsi. Ƙwallon da ke zaune a kan tebur da wanda ke zaune a ƙasa duk ɗaya ne a idonsa. Aikin mai ƙira shi ne ya sa yaron ya ji bambancin a damtsensa kafin ya ji shi a kunne.

Me ya raba abin wasa mai koyarwa da wanda ke burgewa kawai?

Ni dai ma'aunina bai wuce wannan ba: shin yaron da hannunsa ya zuba makamashin? Yana ganin inda ya zauna? Yana iya bin sawunsa har inda ya tafi? Idan amsar ɗaya daga ciki ta zama a'a, to abin kallo ka ƙera, ko da an rubuta kalmar kimiyya da manyan baƙaƙe a jikin kwalinsa.

Masanin fiziks na Amurka Richard Feynman ya taɓa kokawa da wannan a wata lacca da ya yi wa malaman kimiyya a 1966. Ya ba da labarin wani littafin 'yan aji ɗaya da ya nuna hoton karen wasa da ake wanawa, aka tambayi abin da ke sa shi motsi, amsar kuma ita ce makamashi. A ganinsa yaron bai koyi komai ba sai kalma. Da an kwance karen an nuna masa sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai talewa, da haƙoran da ke ciki, da ya fi. Saboda haka idan za ka rufe cikin abin wasanka, rufe shi da roba mai nuna ciki garau, ko ka bar shi a buɗe inda babu haɗari. Gani ya kori ji.

Daga shekara nawa ya kamata a fara?

Ɗan shekara biyu da ke tura ƙwallo daga kan gangara ya riga ya fara, kodayake ba ruwansa da bayani. Tsakanin shekara huɗu zuwa shida yaro yana kama "wanda ya fi bisa ya fi nisa" da kansa. Batun cewa adadin bai canja ba, sura ce kawai ta canja, yakan jira har wajen shekara bakwai. Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya nuna cewa ƙananan yara sukan ce ruwa ya ƙaru idan aka juye shi daga gajeren kofi zuwa dogo siriri a gaban idonsu. Wanda bai yarda ruwan da yake gani bai ƙaru ba, yaya za a yi ya yarda da adadin da ba ya gani? Lissafi da lambobi kuwa a bari sai shekara tara ko goma.

Shekara uku tana da nata muhimmanci ta fuskar tsaro. Duba amsar da ta shafi ƙananan sassa a ƙasa kafin ka zaɓi girman ƙwallo.

Ban taɓa ƙera komai ba. Da wane iri zan fara?

Da gangara da ƙwallo. Dogon katako mai kwarmi a tsakiya, da wani tsani mai matakai huɗu ko biyar da za a riƙa ɗora kan katakon a kai, sai shimfiɗa mai ɗan kaushi a ƙasa inda ƙwallon zai gangara ya tsaya. Ba ya bukatar waya, ba ya lalacewa da wuri, kuma duk tafiyar makamashin a fili take. Da irin wannan katako Galileo ya yi nazarin faɗuwar abubuwa sama da shekara 400 da suka wuce, domin gangara tana rage wa faɗuwa sauri har ido ya iya binta.

Na biyu a sauƙi shi ne lilo: nauyi a bakin zare, a rataye gaban allo. A ja layi da alli a daidai inda aka saki nauyin, yaro ya ga cewa a ɗaya gefen ma kusan nan yake kaiwa, ba ya wucewa. Sannan a kafa ƙusa a ƙarƙashin maratayin don zaren ya riƙa sarƙewa a tsakiyar tafiya. Hanyar ta canja, ta gajarce, amma nauyin yana hawa har kusa da layin nan dai. Galileo ya bayyana wannan gwaji a littafinsa na 1638, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi nuna cewa bisa ce ake ajiyewa ba hanya ba.

Me ya sa kuke ƙin batir? Ai yara na son fitila da kiɗa.

Suna so, ba musu. Amma batir akwati ne a rufe. Yaro ya danna maɓalli, abu ya tashi, babu alaƙa tsakanin wahalar da ya sha da abin da ya samu. Ƙaramin batir irin AA yana ɗauke da wajen jul 10,000. Wato abin da yaro zai tara idan ya ɗaga giram 100 zuwa mita ɗaya sau dubu goma. Irin wannan rumbu a wurin yaro ba shi da ƙarshe, kuma darasin da zai ɗauka shi ne motsi kyauta ne, wanda shi ne kishiyar abin da kake son koya masa.

Ba wai an haramta lantarki ba ne. A bar yaron ya samar da shi da hannunsa, kamar yadda na bayyana a amsar janareton hannu. Idan kuma dole sai batir, karanta amsar maganaɗisu da batir mai siffar maɓalli tukuna.

Na haɗa mota mai tafiya da roba mai talewa, amma tayoyin suna juyawa a wuri ɗaya. Ina matsalar take?

Wannan ya same ni a motata ta farko. Na naɗa robar sau ashirin a jikin sandar tayoyin baya, na ajiye a kan daɓe mai santsi, na saki. Tayoyin suka yi fir, robar ta warware cikin ƙiftawar ido, motar ta matsa kamar taƙi ɗaya ta tsaya. Yarinyar da na ba ta kalle ni, ta sa hannu ta tura ta, ta ci gaba da wasanta. Makamashin yana nan, amma ya fita da gaggawa fiye da yadda tayoyin za su iya riƙe ƙasa.

Gyaran ta hanyoyi kaɗan ne. A zagaya bakin tayoyin baya da roba don su ciji ƙasa. A ɗora ɗan nauyi a saman sandar baya. Mafi amfani kuma, a rage kaurin sandar da robar ke naɗewa a kai, ko a ƙara faɗin tayoyin, ko a sa roba siririya doguwa maimakon gajera mai kauri. Duk waɗannan suna sa ajiyar ta fita a hankali, a kan doguwar tafiya. Ka duba kuma ko sandar tana juyawa sakayau a raminta. Guntun bututun roba a ramin yana rage gugar sosai.

Wani abin lura ga mai son awo: roba ba ta da gaskiya kamar sifirin ƙarfe. Sifirin yana bin ƙa'idar da Robert Hooke ya wallafa a 1678, wato gwargwadon ja gwargwadon miƙewa, kuma idan ka ninka miƙewar ajiyar tana ninkuwa huɗu. Roba kuwa tana riƙe wani kaso ta mai da shi zafi, tana saki idan ta tsufa, rana kuma tana cinye ta. Don wasa ta wadatar. Don gwajin da ake son a maimaita a sami amsa ɗaya, sifirin ya fi, muddin an killace shi yadda ba zai tsinke ya sami ido ba.

Ta yaya yaro zai auna makamashi alhali bai iya lissafi ba?

Da nisa. Kada ka ce ya auna sauri, domin sauri yana da yaudara: kafin gudun ƙwallo ya ninku biyu sai an ninka bisan gangarar huɗu. Nisan da ƙwallon zai yi a kan shimfiɗa mai kaushi kafin ya tsaya kuwa yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da bisan. Daga mataki na biyu zai yi kusan ninkin abin da ya yi daga na ɗaya. Sai a raba shimfiɗar gida-gida da launuka, a ba yaron 'yar tuta ya kafa inda yake zaton ƙwallon zai tsaya kafin ya saki. Wannan tutar ita ce rabin darasin. Yaron da ya yi hasashe yana kallo da wani irin ido daban.

Akwai kuma yumɓu. A 1722 Willem 's Gravesande na ƙasar Holan ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla a kan yumɓu mai laushi yana auna ramin da suka yi, daga baya Émilie du Châtelet ta Faransa ta yi amfani da sakamakon wajen kare ra'ayin cewa abin da jiki mai motsi ke ɗauke da shi yana bin gudu sau gudu ne. Faranti ɗaya na yumɓun wasa da ƙwallo mai nauyi sun isa yaro ya maimaita wannan. Ramin yana zama a wurin, ana iya sa yatsa a ciki, ana iya jera uku a kwatanta.

Ƙwallo mai nauyi ba zai riga mara nauyi sauka ba?

Idan siffarsu ɗaya ce kuma dukansu cikakku ne, tare za su iso, ko kusan haka. Manya ma sukan faɗi a wannan tambaya. Amma isowa tare ba ta nufin kayansu ɗaya. Ajiye ɗan akwatin kwali a gindin gangarar, buɗaɗɗen bakinsa yana fuskantar ƙwallon. Na ƙarfe zai tura akwatin nesa, na katako ya ɗan matsar da shi. Gudu ɗaya, makamashi daban, kuma yaron ya riga ya ji dalilin a hannunsa lokacin da yake ɗaga su.

Inda abin ke da daɗi shi ne idan siffa ta bambanta. Abin da ke mirginawa yana raba makamashinsa biyu, wani na tafiya gaba wani na juyawa. Cikakken ƙwallo yana ba juyi kashi 2 cikin 7. Cikakken gungume mai siffar gwangwani yana ba shi kashi 1 cikin 3. Zobe kuwa rabi cur yake bayarwa. Don haka a tseren gangara ƙwallo ne na ɗaya, gungume na biyu, zobe na ƙarshe, komai nauyinsu. Idan ka ƙera tayoyi biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya an jera masa notuna a bakin gefe ɗaya kuma a kusa da cibiya, ka bar yaro ɗan shekara tara ya riƙa matsar da notunan, ka ba shi aikin yini guda.

Na yi hanya mai zagaye kamar zobe a tsaye, ƙwallon yana faɗowa daga sama. Daga ina ya kamata a sake shi?

Kuskuren da kowa ke yi shi ne sakin ƙwallon daga daidai bisan saman zoben. Ba zai kai ba, domin a can sama yana bukatar sauran gudu da zai manne shi da hanyar. Lissafi ya nuna cewa abin da ke zamewa ba guga yana bukatar bisa ninki 2.5 na rabin faɗin zoben. Ƙwallo mai mirginawa yana bukatar 2.7, saboda kason da juyi ke ci, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna. Idan faɗin zoben santimita 20 ne, rabinsa 10, to daga santimita 27 a ƙalla. A aikace guga da girgizar hanya suna cin nasu, don haka ka ba gangarar tsawon da za a iya hawa har 35 ko 40.

Kada ka kafa wurin saki ɗaya tilo da ke aiki kullum. Ka bar yaron ya saki daga ƙasa ya faɗi, ya ƙara ya faɗi, har ya gano iyakar da kansa ya yi mata alama. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta dage cewa kayan koyo su nuna wa yaro kuskurensa ba sai babba ya yi magana ba. Ƙwallon da ya faɗo ya fi kowane malami iya faɗin "bai isa ba" ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba.

Yaro ya tambaye ni, "To da ya tsaya, ina makamashin ya tafi?" Me zan nuna masa?

Tambayar da ta fi kowace kyau ke nan, kuma ita ce mafi wuyar nunawa, saboda zafin da abin wasa ke haifarwa ƙanƙani ne ƙwarai. Ana bukatar kimanin jul 4.2 kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙara ɗumi da digiri ɗaya. Ƙwallon gilashi mai giram 5 da ya gangaro daga rabin mita bai kai ko kashi 3 cikin 100 na jul ɗaya ba. Babu fatar da za ta ji wannan.

Sai a ara daga wani wuri. Ya murza tafukansa da ƙarfi ya ɗora a kumatu. Ya ɗauki roba mai faɗi ya taɓa ta a leɓensa na sama, ya tale ta da sauri ya sake taɓawa: za ta yi ɗumi, idan ya sassauta ta kuma ta yi sanyi. Babba ya lanƙwasa siririyar waya gaba da baya sau goma ya ba shi ya taɓa gwiwar. Bayan haka a koma kan gangara da shimfiɗu uku, mai santsi da ta yadi da ta samfefa, ya ga wacce ta fi saurin karɓe gudun. Ƙwallo mai tsalle ma shaida ne: dokar wasan tanis ta ce ƙwallon da aka saki daga santimita 254 ya dawo tsakanin 135 da 147. Kusan rabi ya tafi a bugu ɗaya, kuma ƙarar da aka ji tana cikin inda ya tafi.

Abin da zan roƙa shi ne kada a ce masa "ya ƙare" ko "ya ɓace". A ce ya watse, ya shiga daɓe da iska, ba ya tattaruwa kuma. Kalma ɗaya ce, amma ita za ta raba shi da ruɗani idan ya girma.

Yaya ake haɗa janareton hannu da yaro zai juya ya kunna fitila?

Ƙaramar motar lantarki irin ta kayan wasa, wato ɗan injin da ke juya sassansu idan an ba shi wuta, idan aka juya ta da hannu, janareto ce. Asalin abin tun 1831 ne, lokacin da Michael Faraday ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya yana haifar da lantarki. Matsalar ita ce hannu ba ya juyi da saurin da motar ke so, don haka a nemi wadda ta zo da akwatin giya a jikinta, a ɗaura mata mariƙi. Jan ƙwan LED, wato ƙaramin ƙwan fitila marar zare, yana kamawa da kusan bolt 2, kuma hanya ɗaya kawai yake karɓar wuta. Idan an juya baya ba zai kama ba. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma idan ka haɗa ja da kore suna fuskantar juna, kowane juyi zai sami launinsa.

Sai dai LED ba ya cin komai, wajen wat 0.04, don haka hannu ba ya jin nauyinsa. Ka sa makunni mai zaɓi uku: ba komai, LED, da ƙaramin ƙwan tocila mai zare. Yaro yana cikin juyi sakayau, ka mayar kan mai zaren, nan take mariƙin ya yi tauri kamar an riƙe shi. Fuskar yaro a wannan daƙiƙa ita ce ladan duk aikin. Ya gane da damtsensa cewa haske biyansa ake yi. Idan kana son ma'ajiya, kafasito, wato ɗan abin da ke tara wutar lantarki, mai farad 1 da aka cika zuwa bolt 3 yana riƙe jul 4.5, abin da zai tafiyar da 'yar motar wasa na ɗan lokaci ya ƙare a gaban idonsa. Ka duba iyakar bolt da aka rubuta a jikinsa kada juyin ya wuce ta.

Farantin sola fa?

Yana da kyau, amma yana da halin batir: ba a ganin abin da ke faruwa a ciki. Da tsakar rana idan gari ya yi garau, kusan wat 1,000 ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya, farantai na kasuwa kuma suna kama wajen kashi 20 cikin 100. Faranti mai santimita 5 a kowane gefe ba zai wuce rabin wat ba, a cikin ɗaki kuwa kusan babu. Ka nemi ɗan injin lantarki mai tashi da 'yar wuta kaɗan, ka sa farantin a kan maratayi mai karkata, ka ba yaron kwali ya riƙa rufe rabi. Inuwar hannunsa ita ce makunninsa.

Ɗana yana so mu ƙera abin da zai yi ta juyawa har abada. Zai yiwu?

Ba zai yiwu ba, amma kada ka hana shi gwadawa. Janareto ya kunna injin lantarki, injin ya juya janareton: kowane yaro mai kaifin kai yakan zo da wannan, manya ma sun yi ta zuwa da irinsa har Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta yanke a 1775 cewa ta daina duba irin waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire. Ku haɗa, ku juya, ku ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya tsaya. Ku sa mai a sanda ku sake ƙirgawa. Zai ƙara daɗewa, ba zai ƙi tsayawa ba, kuma amsar da ke sama kan inda makamashi ke tafiya za ta zauna masa daram.

Waɗanne ƙa'idojin tsaro ne suka shafi ƙananan sassa?

Manyan ma'aunai uku ne aka fi bi a duniya: EN 71 na Turai, ASTM F963 na Amurka, da ISO 8124 na ƙasa da ƙasa. Dukansu suna amfani da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, kwatankwacin maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya, ko ya ɓalle daga jikin abin wasa ya shige, bai halatta ga wanda bai kai shekara uku ba. Ƙwallo yana da doka mafi tsanani saboda yadda yake toshe hanyar numfashi: wanda ya wuce ta rami mai milimita 44.5 ƙarami ne. Ke nan ƙwallon gilashi da ƙwayar boris sun fita daga lissafi ga 'yan ƙanana, a yi musu na katako mai girman dunƙulen hannu. Ka tuna kuma abin wasan ɗan shekara bakwai a ƙasa yake kwana, inda ƙaninsa ke rarrafe.

Abin da ke harba wani abu yana da nasa haɗari, kuma kayan koyar da makamashi suna yawan faɗawa nan. Ma'aunan suna fara tsanantawa daga jul 0.08, adadin da roba mai kauri ke wucewa cikin sauƙi. Gara abin da ke gudu a kan hanya da abin da ke tashi sama. Zaren lilo ya zama gajere yadda ba zai zagaye wuya ba, a goge bakin katako, a rufe tsakanin haƙoran giya inda yatsa zai shiga, fenti kuma ya zama marar dalma. Ta ɓangaren wuta, dokar Turai ta tsayar da kayan wasa a bolt 24. Naka bai ma kamata ya wuce 6 ba, kuma kada ya kusanci soket ɗin bango. Wanda zai sayar, ba a gida kawai zai yi amfani da shi ba, sai ya kai samfurinsa ɗakin gwaji ya bi dokar ƙasar da zai sayar a ciki.

Maganaɗisu da batir mai siffar maɓalli: da gaske haɗarinsu ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai. Ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi irin na niyodimiyam, idan yaro ya haɗiyi biyu, ko ɗaya da wani guntun ƙarfe, suna janyo juna ta cikin bangon hanji su matse shi har ya huje, kuma alamun farko ba su wuce na ciwon ciki ba. Batir mai siffar maɓalli idan ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona nama cikin awa biyu. A 2022 Amurka ta kafa doka ta musamman kan yadda za a killace shi. Wanda ake zaton ya haɗiyi ɗayansu, asibiti nan take, ba jiran alama.

Gam kaɗai ba ya riƙe maganaɗisu. Zafi da faɗuwa suna ɓalle shi. A binne shi cikin katako a rufe da murfi mai sukuru, ko a yi amfani da babba wanda ba zai shiga bututun gwajin da na ambata a sama ba. Akwai wani wasa mai ban sha'awa da ake jera maganaɗisu da ƙwayoyin boris a kan hanya, ƙwaya ɗaya ta zo a hankali wata ta fita da gudu. Yana koyarwa sosai, amma nasa na hannun malami ne, a nuna a mayar aljihu.

Yaya zan san ko abin da na ƙera yana koyarwa?

Ka yi na farko da kwali da gam, kada ka kashe masa katako. Ka ajiye a gaban yara biyu ko uku na shekarun da kake nufi, ka ja da baya, ka yi shiru. Shirun ne mai wuya. Baki yana ƙaiƙayin bayani. Ka lura da abin da suka fara taɓawa, da inda suka yi amfani da shi ba yadda ka tsara ba, da lokacin da suka gaji. Idan suna canja abu biyu a lokaci guda, bisa da ƙwallo misali, har ba su san wanne ya jawo bambancin ba, to ƙirar ce ta ba su zaɓi da yawa. Rage. Sannan ka sake shi daga kan tebur sau da yawa, ka ja duk abin da ke jawuwa, ka ga me ya ɓalle.

Bayan kwana biyu ka kawo abin da bai taɓa gani ba, wata gangara daban ko lilo mai dogon zare, ka ba shi tutarsa ya kafa. Ka tambaye shi dalili, da sharaɗin kada ya ambaci kalmar makamashi. Wani yaro da na gwada da shi ya kafa tutar a gida na huɗu, ya ce, "Wannan na ɗaga shi da yawa, to da yawa zai biya ni." Ƙwallon ya tsaya a na uku da rabi. Ya ɗauko shi, ya shafa shimfiɗar da tafin hannu, ya ce a cire yadin a sake.